Kokwamba a garkar bakin Gulbi: rajistar dashe da ba da taki, rani 2025

6 Janairu 2025

Filin da muka ware mita 10 ne a mita 20, a fadamar Gulbin Maradi ta wajen Tibiri. Ƙasar jar laka ce mai gauraye da yashi, tana shan ruwa ba ta riƙe shi har ya kwanta. Bara albasa ce a wurin, kuma da gangan muka zaɓe shi: inda aka yi kankana, kabewa, guna ko gurji a shekarar da ta wuce ba a maida kokwamba, domin danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya, kuma tsutsar da ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle tana nan cikin ƙasa tana jira.

An fitar da komi goma. Kowane faɗinsa mita 1 da santimita 20, tsawonsa mita 10, da hanyar santimita 80 tsakaninsu. Kowane komi zai ɗauki layi biyu, santimita 80 tsakanin layi da layi, santimita 50 tsakanin gindi da gindi. Gindi 40 ke nan a komi, 400 a filin duka.

Taki na gida ya shiga yau, kilo 30 a kowane komi, kashin awaki da na shanu wanda ya kwana tun damina. An juya shi da hauya zurfin taƙi guda, aka ba shi ruwa. Gwajin takin da ya nuna ba wuya: launinsa baƙi, yana murmushewa a hannu, ba ya wari, kuma in ka tura hannu cikin tsibin ba za ka ji ɗumi ba. Mai ɗumi bai gama ruɓa ba. Shi ne ke ƙona saiwa, ya kira gara da gyare.

Manufar ita ce a fara tsinka farkon Maris, lokacin da azumi zai kama kuma kowace mai abinci ke neman kokwamba don kwaɗo da salak. Daga shuka zuwa tsinkar fari kwana 45 zuwa 55 ne, don haka dole iri ya shiga ƙasa tsakiyar Janairu, cikin tsananin sanyi. Dalilin da ya sa za a yi reno a leda ke nan. In ba don sanyi ba, kokwamba shukar kai tsaye ta fi so.

12 Janairu

An yi shuka. Komi huɗu za su ɗauki irin F1, wato irin kamfani da aka haɗa daga iyaye biyu daban, shida kuma nau'in kokwamba da ake kira Poinsett. A cikin shidan, komi na 9 da na 10 an shuka su kai tsaye a rami yau, ƙwaya biyu-biyu, don a ga bambanci da idanu. Su biyun an riga an ba su takin zamani NPK 15-15-15, giram 500 kowane, kwana biyu kafin shuka.

Sauran takwas suna buƙatar tsiro 320. An cika leda 360 saboda cike gurbi. Ledar ruwan sha ce da aka tsinto, an yanke bakinta, an huda gindin wuri huɗu da ƙusa. Ledar da ba huda tulu ce, saiwa ta ruɓe a ciki. Haɗin ƙasar: kashi biyu ƙasar jigawa, kashi ɗaya yashin gulbi, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe. Ba a sa takin zamani ko ƙwaya ɗaya ba. Ledar ƙarama ce, gishirinsa ba shi da inda zai tafi.

Zurfin shuka santimita 1 da rabi zuwa 2, wato gaɓar yatsa ta farko. F1 ƙwaya ɗaya a leda saboda tsadarsa, Poinsett biyu. An jera ledojin a jikin danga ta gefen kudu inda rana ke bugu tun hantsi, an yi musu baka da sanduna. Da magariba a rufa leda mai haske a bisa, a ɗora tabarma. In rana ta ɗago a yaye duka. Irin kokwamba yana tsira da sauri in ƙasa tana tsakanin digiri 25 da 30. In ta yi ƙasa da 15 sai ya zauna cikin laima bai motsa ba, wani ma ya ruɓe. Daren Janairu a nan yakan sauka kusa da haka.

An kuma ja dangar karan hatsi a gabas da arewacin filin, tsayin mutum, saboda iskar hunturu.

19 Janairu

Na leda sun fito tun rana ta biyar, yau kusan duka sun buɗe kunnuwansu biyu. Na rami yanzu suke fasa ƙasa, ba tare ba, kuma akwai ramuka da yawa da aka tona da dare, ɓawon iri a gefe. Aikin kusu ne. An sake shuka su.

Ruwa sau ɗaya a rana, da hantsi bayan sanyi ya sake, da arozuwar, wato butar ban ruwa, mai ƙananan huji. Ba a ba da ruwan yamma a reno cikin sanyi. Ledar da ta kwana jiƙe sharkaf ita ce ke kawo ruɓewar wuya: tsiro yana tsaye lafiya, da safe ka tarar ya kwanta, daidai inda ya haɗu da ƙasa ya sirance ya yi ruwa-ruwa. Wanda ya yi haka a fitar da shi da ledarsa gaba ɗaya. ƴan kaɗan ne suka yi, duka a layin da ke can cikin inuwar danga, don haka an matso da jerin waje.

26 Janairu

Ganyen gaske na farko ya buɗe, mai kaushi, na biyu yana leƙowa. A ledojin Poinsett an rage zuwa ɗaya. Da farce ake tsinke na banzan daga wuya, ba a tumɓukewa, domin saiwoyin biyun sun sarƙe da juna.

Daga yau an daina rufa leda da dare sai tabarma kawai, jibi ita ma a cire. Ruwa an rage shi zuwa rabi. Tsiron da ya tashi daga ɗumi da yalwar ruwa kai tsaye zuwa fili, iska ɗaya ce za ta kwantar da shi.

Komi takwas sun sami nasu NPK, giram 500 kowane, an watsa an juya da manjagara, an ba da ruwa sosai don ya narke kafin saiwa ta iso.

30 Janairu

Dashe. Tsiron yana da kwana 18, ganyen gaske biyu. Wannan ne lokacinsa, kuma a duk aikin nan ba ranar da ta kai ta yau muhimmanci.

Tumatir da albasa da tattasai ana tumɓuke su tsirara a dasa, su yi yaushi kwana biyu su farfaɗo, don suna saurin fitar da sabuwar saiwa. Kokwamba ba ta da wannan haƙuri. Saiwarta fara ce, mai gautsi, kuma in ta katse tana jinkirin mayarwa. Wanda aka girgiza masa ƙasa ba lallai ya mutu ba, amma zai tsaya cik mako biyu, kuma mako biyun nan sun isa su cinye ribar da aka yi renon dominta. Haka kuma in aka bar shi a leda har ya yi ganye huɗu ko biyar: saiwa ta kewaye cikin ledar ta naɗe, ko an dasa ba ta warwarewa, sai ya yi fure yana ɗan ƙarami, ya tsufa da wuri.

Ga yadda aka yi. Jiya da yamma an shayar da komi har ƙasa. Yau da hantsi an ba ledoji ruwa daidai yadda ƙasarsu za ta dunƙule, ba ta yi caɓi ba, ba ta kuma zube ba. Bayan la'asar aka fara. Mutum ɗaya yana gaba da igiya mai ƙulli kowane santimita 50 yana haƙa rami daidai girman leda. Na biyu yana tsaga ledar da reza daga sama zuwa ƙasa, ya zare ta, ya tallabi dunƙulen da tafin hannu, ya ajiye a rami. Ba a kama tsiro ta kara a ja. Saman dunƙulen ya zo daidai da saman komi, kunnuwan nan biyu suna sarari. Tumatir ana binne shi har wuya ya ji daɗi, kokwamba in an binne karanta ruɓewa yake. A tura ƙasa a gefe a danna da yatsu a hankali, ba da dunduniya ba. Na uku yana biye da ruwa, rabin lita kowane gindi nan take, don ƙasar rami ta manne da dunƙulen.

Wanda dunƙulensa ya fashe a hannu an ajiye shi gefe, an ɗauko wani daga cikin na ajiya. Yagaggun ledoji an tattara su a buhu, kada awaki su ci.

3 Fabrairu

Alamar kamu ita ce tsakiyar tsiro: in sabon ganye yana fitowa kore shar, ya kama. Yaushin tsakar rana a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne muddin ya miƙe kafin magariba. Wanda ya kwana a kwance an maye gurbinsa.

Wasu gindin an tarar an datse su daga wuya kamar da almakashi. In ka tona da yatsa kusa da gindin, zurfin gaɓa biyu, za ka sami tsutsa mai launin toka ta naɗe. Da dare take fitowa. Tsinta da hannu da sassafe ya wadatar a fili irin wannan.

An shimfiɗa busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku a kan komi, an bar faɗin tafin hannu kewaye da kowane kara. Ruwa yanzu arozuwar huɗu ta lita 10 a kowane komi, da safe.

10 Fabrairu

Taki na farko bayan dashe, uriya, giram 4 kowane gindi, kilo 1 da giram 600 a filin duka in an haɗa da rabon komi na 9 da na 10 da zai zo daga baya. Ma'aunin shi ne marfin kwalbar lemo. Cike da NPK yana ɗaukar kusan giram 6, shi ne ma'aunin da masu binciken cibiyar noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka yaɗa wa manoman hatsi. Uriya ta fi sauƙin nauyi, marfi shafe ba tozo ya isa.

A ja ɗan layi da yatsa nesa da kara santimita 10, zurfin santimita 3 zuwa 4, a zuba, a rufe, a ba da ruwa nan da nan. Dalili uku ne. Uriya tana da kashi 46 cikin 100 na sinadarin da ke sa ganye, mai ƙarfi ce, in ta taɓa kara ko ta faɗa kan jiƙaƙƙen ganye tana ƙona shi. In an bar ta a sarari kan ƙasa mai ɗumi, rabonta yana tashi iska, warin nan mai hawa hanci shi ne kuɗinka ke tafiya. Sannan a ƙasa mai yashi ruwa yana wanke ta zuwa inda saiwa ba ta kai, kuma saiwar kokwamba yawancinta a santimita 30 na sama take.

Wannan na ƙarshen shi ya sa ba ma bin al'adar zuba taki mai yawa sau ɗaya a huta. Kokwamba tana girma da gudu, tana ci kullum, amma ba ta jure gishiri. Kaɗan-kaɗan kowane kwana 12 zuwa 14 ya fi tiya guda a rana ɗaya. Wanda ya cika uriya zai sami ganye manya masu duhu, yaɗo har ya rufe hanya, macen fure kuwa ƙalilan, ga darɓa ta sami wurin zama.

Komi na 9 da na 10 suna baya da kamar mako guda, kuma tsayinsu ba ɗaya ba saboda sake shuka. Nasu takin sai sun yi ganye huɗu.

17 Fabrairu

Sun fara yaɗo, an kafa sanduna. Kowace tsawonta mita 2 da rabi, rabin mita a cikin ƙasa, tazarar mita 2 da rabi a kowane layi, waya a sama, igiya tana saukowa ga kowane gindi. Ƙullin ƙasa a yi shi sako-sako, kara zai yi kauri. Ana naɗa kan tsiron a igiya sau biyu a mako, da rana ta ɗan yi zafi. Da sassafe yana cike da ruwa, karyewa yake.

An cire rassan gefe da duk furen da ya fito a gaɓoɓi huɗu na ƙasa. Da ciwo a ido, amma ɗiyar da ta kama a nan ƙasa tana taɓa laka, kuma tana janye ƙarfin da ya kamata ya tafi ga saiwa.

Jan ƙwaro mai cin ganye ya bayyana, yana yin huji zagaye-zagaye. A ƙarƙashin wasu ganyen kuma akwai darɓa, tururuwa na hawa da sauka. An yi ruwan bedi: giram 500 na dakakkun ƴaƴan bedi a lita 10 na ruwa, ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Feshi da yamma, bakin famfo yana kallon sama don ya sami bayan ganye. Za a maimaita kowane mako.

24 Fabrairu

Fure ya buɗe. Maza ne suka fara, tari-tari a kan siririn tsinke, suna faɗuwa bayan kwana ɗaya. Haka halittarsu take, ba cuta ba ce. Mace ita ce mai ɗan ƙaramin kokwamba a bayanta tun kafin ta buɗe. Ƙudan zuma ne ke kai garin namiji gare ta, kuma aikinsu na safe ne, daga fitowar rana zuwa hantsi. Saboda haka daga yanzu ba feshin komai kafin la'asar sakaliya.

Taki na biyu: NPK 15-15-15, marfi ɗaya kowane gindi, kilo 2 da giram 400 duka. An matsar da layin zuwa santimita 20 daga kara, kuma ta ɗaya gefen, tunda saiwa ta bazu. Daga fure zuwa gaba bukatar shukar ta koma ga fotash, ɗaya daga cikin sinadarai uku na NPK, shi ke cika ɗiya.

Ruwa ya ƙaru zuwa arozuwar shida a komi, huɗu da safe biyu da yamma, a gindi ba a kan ganye ba.

5 Maris

Tsinkar fari, kwana 52 daga shuka, daga komi takwas na dashe. Ana yanka da wuƙa a bar ɗan tsinke, ba a murɗawa. Girman da kasuwa ke so santimita 15 zuwa 20, kore mai duhu, da tauri in an latsa. Da sassafe ake tsinka, a sa a inuwa a rufa jiƙaƙƙen buhu.

Daga yau tsinka kowane kwana biyu ne ba fashi. Ɗiya guda da ta ɓuya a bayan ganye ta yi rawaya ta fara ƙosar da iri, ta isa ta sa gindin ya daina kama sababbi. Ko ba mai saye a cire ta. Wanda ke son ajiye iri ya ware gindi biyu-uku na Poinsett a ƙarshen layi ya bar musu. Irin F1 ba a ajiye shi, abin da zai fito baɗi ba zai yi kama da uwar ba.

10 Maris

Taki na uku, marfin NPK ɗaya da rabin marfin uriya kowane gindi. Komi na 9 da na 10 sun fara ba da ɗiya.

15 Maris

Yanzu ɗiyar ce ke faɗin abin da shukar ta rasa, sai a baje tsinkar safe a kan buhu a duba. Wadda ta sirance ta wajen tsinke ta kumbura ta wajen fure, fotash ya gaza. A irin wannan gindin za ka ga bakin tsofaffin ganye ya yi rawaya sannan ya bushe kamar an gasa. Wadda ta yi fari-fari ta tsuke ta wajen fure, tsofaffin ganye kuma suka koɗe gaba ɗaya, uriya take nema. Wadda ta lanƙwashe gefe ɗaya ya cika ɗaya ya shanye, ƙudan zuma bai ziyarci furen yadda ya kamata ba, taki ba zai gyara ta ba. Mai ɗaci kuwa, musamman ta wajen tsinke da cikin ɓawo, ƙishirwa ce da zafi: komin da ya bushe yau aka cika shi gobe shi ke ba da ita.

Alamar fotash ta fito a komi na 1 da na 2, inda yashi ya fi yawa. An ba su tokar murhu da aka tankaɗe, cikin hannu ɗaya ga gindi biyu, an cuɗa da ƙasa an shayar. Toka ba ta haɗuwa da uriya rana ɗaya, tana sa ta tashi iska; a bar aƙalla mako tsakani. Kuma ba a maimaita ta barkatai a fadamar da ke yin farin kanwa a bakin komi.

Babbar ɓarna a wannan makon ta ƙudan da ke huda ɗiya ce. Macen tana soka ƙwai a ƙarƙashin ɓawo tun ɗiyar tana kamar yatsa. Wurin yakan fitar da ɗan danƙo, ya lotsa, ɗiyar ta karkace a daidai nan, in ka fasa ka ga fararen tsutsotsi. In an jefar da ita a hanya, tsutsar ta shiga ƙasa ta fito ƙuda. Don haka duk wadda aka huda ana tara ta a baƙar leda, a ɗaure baki, a bar ta a rana kwana uku, ko a binne ta zurfin rabin mita. Maganin kanti ba mu sa ba: yawancinsu takardarsu ta ce a jira kwanaki kafin tsinka, mu kuwa kowane kwana biyu muke tsinkar abin da za a ci ɗanye. Wanda ɓarnar ta fi ƙarfinsa ya kai samfur ga malamin gona ko cibiyar INRAN, hukumar binciken noma ta Nijar, da ke Tarna kafin ya sayi kwalbar da ba ta da rubutun da zai iya karantawa.

24 Maris

Bazara ta shigo, rana tana kai digiri 40. Ruwa arozuwar takwas a komi, rabi da asuba rabi bayan la'asar. A irin wannan zafi shukar tana yawaita fure namiji, ƙananan ɗiya kuma suna yin rawaya su zube, don haka tsinka ta fara raguwa a komin dashe. Na 9 da na 10 yanzu suke kan ganiyarsu, kuma da tsakar rana sun fi jure yaushi, domin saiwarsu ta tsakiya ta nutse ba tare da leda ta tare ta ba. Renon leda ya ba mu kwana biyar zuwa bakwai na farkon azumi da layi cikakke ba giɓi. Shukar Oktoba, da ƙasa ke da ɗumi, ba za ta bukaci wannan wahala ba sai in kusu ya yi yawa.

Taki na huɗu ya shiga yau, daidai da na uku, amma komi na 9 da na 10 da waɗanda kansu ke ci gaba da toho kawai aka ba. Gindin da ya daina fitar da sabon ganye ba ya biyan kuɗin taki.

A ganyen ƙasa na layin komi na 1 da ke bakin hanya an ga ɗigo-ɗigo fari kamar an yayyafa gari, bayan ganyen kuma da siririyar yana. Jan gizo-gizo ne, ƙura da zafi ke kawo shi. An cire ganyen da suka fi lalacewa an fitar da su daga garka, an wanke bayan sauran da ruwa mai ƙarfi da yamma, ruwan bedi ya koma kowane kwana biyar. Ranar 28 za a sake duba layin. In ya haura sama da rabin igiya, za a tumɓuke komi na 1 gaba ɗaya don kada ya ketara zuwa na 2.